Bahon Roba da Na Kai Fakku

Ni na sayo shi da hannuna a kasuwar Tambuwal, ana saura kwana uku ƙaramar salla. Takalman yara na je nema. A rumfar wani mai kayan wasa na hango shi rataye, shuɗi, an hura shi ya yi tim, gefensa zobe uku kan juna kamar tayoyin keke, cikinsa an zana kifaye ja da rawaya. Mai rumfar ya ce bahon wasan yara ne, a hura shi da baki, a zuba ruwa, su shiga su yi ta fantsama. Na tambaye shi ko ba ya saurin fashewa. Wannan ita ce tambaya ɗaya da na yi masa.

Azumin shekarar ya faɗo tsakiyar bazara. Ni malamar firamare ce, kuma a lokacin yarana biyu, namiji ɗan shekara takwas da mace 'yar shekara biyar. Ƙurajen zafi sun feso musu a wuya da baya, kullum cikin susa suke. Da na ga bahon sai na ga kamar na samo musu magani da wasa a haɗe. Maigidana ya dube shi ya yi dariya, ya ce ai ni ce zan riga su shiga.

Ni 'yar Fakku ce, a ƙasar Kebbe, aure ne ya kawo ni Tambuwal. Duk salla, washegari nakan kwashi yara mu je gida mu yi wa Inna, mahaifiyata, kwana biyu ko uku. Tun da mahaifinmu ya rasu take zaune da ƙanena, wanda yake noma, da rani kuma ya kai kaya kasuwanni a kan babur. Yana da mata da 'ya ɗaya, wadda a lokacin shekararta ɗaya da wata takwas. Sunan Inna aka sa mata, don haka babu mai faɗin sunan a gidan. Inna na ce mata takwara, mu kuma mu ce Takwarar Inna. Ba ta daɗe da iya tafiya sosai ba, tana yi tana buɗe hannuwa, kuma kalmominta ba su fi biyar ba.

Mun isa da hantsi. Ko gaisuwa ba a gama ba yarana suka zaro bahon daga jaka, ɗana ya kama hurawa har jiri ya ɗebe shi, ƙanena ya karɓa ya ƙarasa. Inna ta zo ta tsaya a kansa, ta taɓa shi da ɗan yatsan ƙafa.

“Mi a wanga kuma?”

Na yi mata bayani. Ta dube ni ta dubi randunanta.

“Ruwan da muka bin layi tun asuba, shi za a zuba ɗiya su tattaka?”

Ƙanena ya ce ai salla ce, Inna ta yi haƙuri. Ya ɗaura jarkoki a babur ya tafi fanfo, ya daɗe bai dawo ba saboda layi. Jarka uku muka juye. Na tsoma hannu na gwada, ruwan bai wuce wuyan hannuna da yawa ba. Na tuna har na ce wa matar ƙanena, “Wannan ko kaza ba zai ci ba.”

A bayan ɗakin Inna muka ajiye shi, gindin dogon yaro, kusa da rumbu, don nan ne inuwa ta fi kauri. Tsakanin wurin da rumfar da muke zama akwai guntun zana, wanda Inna ta kafa don kare wurin shanyarta daga tumaki.

Kafin azahar yaran maƙwabta sun cika gidan. Suka sa wa bahon suna gulbi. Ɗana ya ƙirƙiro musu wasa: mutum ya kwanta rub da ciki ya tura fuska cikin ruwa, sauran su yi ta ƙirga, wanda ya fi daɗewa shi ya ci. Ina tsaye ina kallo, ina ma taya su ƙirgan. Na ɗauko Takwarar Inna na cire mata riga na zaunar da ita a ciki, hannuna a bayanta. Da farko ta ɗauke numfashi don sanyi, sai kuma ta fara dukan ruwan da tafin hannu tana ƙyalƙyala dariya, tana ƙoƙarin cafko kifayen da aka zana a ƙasa. Da uwarta ta fito da ita don a mayar mata da kayan salla, ta yi kuka kamar an yanke ta.

Da aka kira azahar yaran maƙwabta suka watse. Ruwan ya yi baƙi da ƙasa da ganyen dogon yaro. Na kama gefen bahon zan juye, kuma gaskiya ba don na hango wani haɗari ba, ƙazantarsa ce kawai ta dame ni. Inna ta hango ni daga inda take alwala.

“Kak ki zubar. Tumaki na sha in sun dawo, a wanke tsummokara da saura.”

Na saki. Ban ga laifin maganarta ba a lokacin, kuma har yau ban gani ba. A garin da ake kwana ana tunanin ruwa, ba a malalar da jarka uku a ƙasa.

Muka yi salla, muka ci abinci. Ƙanena ya fita zaure wurin abokansa da suka zo gaisuwa. Mu uku muka zauna a kan tabarma ƙarƙashin rumfa, ni da Inna da matar ƙanena. Na fito da wayata ina nuna musu hotunan bikin wata 'yar ƙanwar Inna da aka yi a Sakkwato, wanda ba su samu zuwa ba. Inna na riƙe wayar nesa da ido tana tambayar wace ce wannan, wancan ɗan wa ne. Takwarar Inna na jingine da gwiwar uwarta tana tsotsar cincin. Wannan shi ne ganina na ƙarshe da ita a tsaye a ranar. Ban san lokacin da ta tashi ba.

Na sha komawa kan wannan zaman a raina, ina neman ko akwai wani sauti da na ji na yi banza da shi. Babu. Akwai rediyon maƙwabta, akwai dariyar maza daga zaure, akwai kurciya. Daga rumfar zuwa gindin dogon yaron bai fi taku goma sha biyar ba. Ba a ji faɗuwa ba, ba a ji kuka ba, ko motsin ruwa ba a ji ba.

'Yata ce ta zo ta tsaya a kaina. Ba a guje ta zo ba. Ta dafa kafaɗata, ta jira na gama maganar da nake yi, kamar yadda na koya mata, sannan ta ce:

“Umma, Takwarar Inna ta iya nutso. Ta fi Yaya daɗewa.”

Abin da ba na iya faɗa wa mutane shi ne, murmushi na fara yi. Bakina ya riga kaina fahimtar maganar. Sai na dubi gwiwar matar ƙanena, na ga babu kowa a jingine.

Ban tuna gudun ba. Na tuna dai na zagaya zanar na gan ta. Tana kife, fuskarta cikin ruwa, rigar sallarta ta kumbura da iska a baya. Ƙafarta ɗaya na kan gefen bahon, lallen da aka sa mata ya yi ja, gefen kuma ya lotsa a inda ta dafa ya tafi da ita. Ruwan ko motsi ba ya yi. Bayan kanta ma bai jiƙe ba, a waje yake.

Na ɗago ta. Ta yi wani irin nauyi, kanta ya langaɓe a kan hannuna. Leɓunanta sun koma kalar toka, idanunta a buɗe rabi, ba sa kallon komai. Na kira ta, na jijjiga ta. Ƙirjinta ba ya ɗagawa.

Uwarta ta iso ta tsaya. Ba ta yi ihu ba. Ta dube mu, sai ta zauna daɓas a cikin laka, ta ɗora hannu biyu a ka. Inna ta iso tana salati, ta karɓe yarinyar daga hannuna, ta kama ƙafafunta ta juya ta kai ƙasa tana girgizawa don ruwan ya fito. Haka ta ga ana yi tun tana yarinya. Ɗan ruwa ya ɗiga daga hancin, shi ke nan.

Shekara biyu kafin nan wasu ma'aikatan lafiya sun zo makarantarmu sun yi wa malamai bita. Sun zo da 'yar tsana mai girman jariri suka nuna yadda ake yi wa wanda numfashinsa ya tsaya. Ni a bayan aji na zauna ina duba takardun jarrabawa a ɓoye, kunne ɗaya kawai na ba su. Abin da ya saura a kaina kaɗan ne: a kwantar da yaro a ƙasa mai tauri, a ɗaga haɓarsa, a hura masa iska, a danna tsakiyar ƙirji. Sau nawa, ban tuna ba.

“Inna, ba ni ita.”

Ba ta ji ni ba, ko ta ji ba ta yarda ba. Na sa hannu na fizge ta. Tun da nake ban taɓa fizgar abu daga hannun mahaifiyata ba sai ranar.

Na kwantar da ita a busasshiyar ƙasa kusa da rumbu. Na ɗaga haɓarta, na rufe bakinta da hancinta da bakina na hura. Na ji ɗanɗanon cincin. Ƙirjinta ya ɗaga ya koma. Na sake hurawa, na sake. Na ɗora gindin tafin hannuna a tsakiyar ƙirjinta na fara dannawa, ina jin tsoron kada ƙashin ya karye, ina kuma jin tsoron kada ya zama ban danna sosai ba. In na danna da yawa sai na koma na hura. Ban san ko daidai nake yi ba. Na san dai in na tsaya babu abin da ya rage.

Ɗana ne ya kira ƙanena daga zaure. Na ga ƙafafunsa a gefena. Ya tsaya ya daɗe, sannan ya ce da wata murya da ban san shi da ita ba:

“Yaya, ki bar ta hakanan. Kak ki wahal da ita.”

Ban ɗago ba. Inna na ta maimaita innalillahi a hankali. Na ci gaba. Gumi na shiga mini ido. A raina na riga na fara tunanin yadda zan dubi ƙanena da matarsa har ƙarshen rayuwata, hannuna kuma bai daina ba.

Sai cikinta ya motsa. Ruwa da abinci suka ɓulɓulo ta baki da hanci. Na juya ta gefe na sa yatsa na kwashe. Ta ja wani numfashi mai ƙara kamar ana jan ƙyauren langa-langa, ta tsaya, ta sake ja. Can sai wani siririn kuka ya fito, irin na ɗan kyanwa. Uwarta ta rarrafo a gwiwa ta zo ta kwanta kusa da ita a ƙasa, ba ta ma taɓa ta ba, kallonta kawai take yi.

Inna ta yi hamdala, ta ce a ɗauke ta a shafe ta da man shanu a ba ta nono ta yi barci. Amma akwai magana ɗaya daga bitar nan da ta maƙale mini, don mai maganar ya maimaita ta: duk wanda aka ciro daga ruwa, ko ya tashi ya yi tafiya, a kai shi asibiti. Na ce sai mun tafi. Ƙanena bai yi musu ba. Tun daga lokacin da ta yi numfashi, duk abin da na ce yi yake, ba ya ko duban fuskata.

Ya ɗauki matarsa da yarinyar a babur ɗinsa, wani abokinsa ya ɗauke ni. Yarana muka bar su wurin Inna. Wanda ya san hanyar Fakku zuwa Kebbe ya san ba a sauri a kanta, ramuka da yashi ba sa bari. Duk lokacin da babur ɗinmu ya matso kusa da nasu nakan leƙa. An naɗe ta da zane, idonta a rufe, tana numfashi da sauri-sauri, kowane numfashi da ɗan nishi a ƙarshensa. Rana na dukanmu amma ni sanyi nake ji har haƙorana na haɗuwa.

A asibitin Kebbe wani ma'aikaci mai furfura ya karɓe mu. Ya ɗora abin sauraro a ƙirjinta da bayanta, ya buɗe idanunta ya haska.

“Minti nawa ta yi a ciki?”

Babu wanda ya sani.

“Wa yake tare da ita?”

Na ce, “Dukanmu muna nan.”

Ya dube ni, bai yi faɗa ba. Ya tambayi wanda ya hura mata iska, na ce ni ce, ya gyaɗa kai. Ya ce ruwa ya shiga huhunta, kuma ruwan ba mai tsabta ba ne. Ya yi mata allura, ya rubuta takarda, ya ce mu wuce da ita Tambuwal a ranar, kada mu jira gobe. Na kira maigidana. Ƙanena ne ya karɓi wayar ya yi masa bayani. Muka samu mota a tasha, muka shiga Tambuwal ana shirin kiran magariba, maigidana na jiranmu a ƙofar asibiti.

Kwana shida ta yi. Aka sa mata siririn bututun iska a hanci, aka ɗaure mata hannu da katako saboda ƙarin ruwa. A kwana na biyu zazzaɓi ya rufe ta, jikinta kamar garwashi. Likitan ya ce huhun za a iya maganinsa, amma abin da ba zai iya faɗa mana ba tukuna shi ne ko daɗewar da ta yi ba numfashi ta taɓa ƙwaƙwalwarta. Ya ce sai ta farfaɗo sosai a gani. Tun da ya faɗi haka na kasa cin abinci.

Wata nas da ke kula da ɗakin, babbar mace, ta tarar da ni a baranda ina zaune. Ta tambaye ni yadda abin ya faru, na faɗa mata, har da maganar da na yi cewa ruwan ko kaza ba zai ci ba. Ta ce ba wannan ne na farko da ta gani ba, kuma yawanci ba gulbi ba ne, bokitin wanki ne ko robar da aka jiƙa kaya. Ta ce yaro mai wannan shekarun kansa ya fi jikinsa nauyi, in ya kifa ba ya iya ɗagowa, kuma ba ya kuka tunda bakin na cikin ruwa. Na zauna ina jinta. Shekara goma sha ɗaya ina koyar da yara, na haifi biyu, kuma duk tsawon nan na ɗauka wanda ruwa ke ci ihu yake yi yana dukan ruwa.

Matar ƙanena ba ta yi mini magana ba kwana uku, in ban da gaisuwa. In na kawo abinci ta karɓa ta ajiye. In na zauna a gefen gadon ta koma ɗaya gefen. Na ɗauka fushi take yi da ni, kuma na ga tana da gaskiya. Ni na kawo abin gidan. Ni na zaunar da yarinyar a ciki har ta san daɗinsa.

A kwana na huɗu da safe zazzaɓin ya sauka. Muna zaune yarinyar na barci, na ce bari in faɗi abin da ke raina.

“Ki yafe mini. Da ban sayo abin nan ba…”

Ta katse ni, idonta a kan gadon.

“Yaya, na gan ta sa'ad da ta tashi.”

Na juyo na dube ta.

“Na gan ta ta nuhi bayan zana. Nic ce wurin yara za ta. Nic ce bari in ga hoton amarya in tashi in ɗauko ta. Hoto guda.” Ta goge fuska da bakin mayafi. “Ba hushi nika da ke ba. Kunyarki nika ji. Ke kika tashe ta, ni ina zaune ƙasa.”

Na matsa na kama hannunta, muka zauna haka har nas ta shigo.

Da yammacin ranar yarinyar ta buɗe ido sosai. Ta bi ɗakin da kallo, ta tsaya a kan uwarta, ta miƙa hannun da ba a ɗaure ba ta ce, “Nono.” Ƙanena na tsaye bakin ƙofa. Ya juya ya fita, na hango shi ta taga ya dafa bango ya kifa kansa. Likita ya zo ya gwada ta, ya sa ta bin yatsansa da ido, washegari ya sa aka tsayar da ita ta yi taku uku zuwa wurin uwarta. Ya ce ga alama Allah ya kiyaye.

Inna ta kira ni a wayar maƙwabci. Ba ta iya doguwar magana a waya. Ta ce tun ranar ta juye ruwan da kanta, ba ta bar ko tunkiya ɗaya ta sha ba. Ta ce, “Ni nic ce a bar shi.” Na ce Inna kowa da nasa a ciki. Bahon kuwa ban tambayi inda ya ƙare ba, ba wanda ya faɗa mini.

Na ɗauka abin ya wuce da aka sallame su. Ƙanena ya dawo mini da yarana, aka koma makaranta. Sai na lura 'yata ta canza. Wanka ya zama faɗa, sai na riƙe ta. Ta koma fitsarin kwance, abin da ta bari tun tana shekara uku. Malamar ajinsu, wadda abokiyar aikina ce, ta tare ni ta ce yarinyar ta daina ƙirga. In aka ce aji su ƙirga sai ta rufe baki ta sunkuyar da kai, alhali da ita ke jan su.

Wata Asabar da la'asar ina yi mata kitso, tana zaune tsakanin ƙafafuna ta ba ni baya. Na tambaye ta a hankali me ya sa ba ta ƙirga a aji. Na ci gaba da kitson har na gama layi ɗaya. Sannan ta ce:

“Ni na ƙirga mata.”

“Wa?”

“Takwarar Inna. Na je ɗauko takalmina na ga tana nutso. Na ƙirga har ashirin. Ba ta tashi ba, na sake ƙirga har ashirin. Na ce mata ta tashi ta ci. Na sake ƙirgawa.”

Iyakar ƙirganta ke nan a lokacin, ashirin. Matajin ya faɗi daga hannuna. Duk kwanakin nan ina zagaya asibiti da laifina, matar ƙanena da nata, Inna da nata, ban taɓa tsayawa na tambayi yarinyar da ta zo ta faɗa mini abin da ta gani ba. Tana tsaye a kanta. Tana yin abin da ta ga uwarta ta yi da safe, tana dariya tana ƙirga wa masu nutso.

“Umma, da na zo tun ashirin na farko, da ba a kai ta asibiti ba?”

Na juyo da ita ta fuskance ni. Ban so in yi mata ƙarya ba, kuma ban san amsar ba. Na ce mata manya uku suna zaune, babu wadda ta tashi ta duba, ita kaɗai ce ta zo ta faɗa. Na ce da ba ta zo ba, da yanzu babu Takwarar Inna. Na ce wasan ƙirgan nan bai kamata a yi shi ba tun farko, kuma ni ce babba a wurin, ni ya kamata in hana. Ta dube ni tana auna maganar. Sai ta kifa kai a cinyata ta yi kuka mai tsawo, kitson rabi a tsefe. Ba a ranar ta warware ba. Sai da muka je Fakku a hutun gaba ta ga yarinyar na bin kaji a guje a tsakar gida, sannan ta fara komawa daidai.

A makaranta na roƙi shugabanmu aka sake kiran ma'aikatan lafiyar nan. Wannan karon a gaba na zauna, ni na fara fita na gwada a kan 'yar tsanar. Aka sa wa tankin ruwan makaranta murfi da kwaɗo. Akwai wani lilon ƙarfe a filin wasa da ƙafarsa ɗaya ke ɗagawa in manyan yara suka hau, shekaru muna wucewa muna ganinsa. Na tsaya a kan maganar har aka zo aka zuba masa siminti. Wasu malaman sun ce na cika tsoro tun da abin nan ya faru, ban musa ba.

Takwarar Inna yanzu ta shiga makaranta, bakinta ba ya shiru, kuma ba ta tuna komai. Bara muka haɗu da uwarta a wani suna a Sanyinna. Gida cike da mata da yara ƙanana suna rarrafe tsakanin ƙafafu. Muna zaune sai na ga ta miƙe tsam, ta nufi wata babbar roba da aka cika da ruwa a bakin madafa don wanke kwanuka, ta kama ta juye ta a ƙasa, ta kife. Matar gidan ta fito tana tambayar wace ce ta yi mata wannan aika-aika, ruwan da aka sayo tun safe. Matar ƙanena ta tsaya tana kallon robar da ta kife. Na tashi na je na ba matar haƙuri, na ce mu za mu mayar mata da ruwanta. Muka ari jarka biyu, muka tambayi hanyar rijiya, muka fita da kayan bikinmu a jiki. Da muka dawo, a jarkar muka bar ruwan, muka ɗaure bakin.